Fada Ya Riga Ya Sanar da Daren Taurari, 'Yata Ba Ta Sani Ba

Doña Chayo, ina gaisuwa. Ki taimake ni da shawara don Allah, na tufka igiya da hannuna na ɗaure kaina, kuma lokaci yana ƙurewa.

A watan jiya ne na gane abin da ke cin 'yata. Ina tsaye a bayan kujerarta, a ɗan ɗakin da take haya a birni can ƙetaren duwatsu, da kwanon tamales, alalar masarar nan tamu, a hannuna ko ajiyewa ban yi ba. A fuskar kwamfutarta akwai wasu ɗigo-ɗigo wuri biyu, gefe da gefe, kamar an barbaɗa gari a kan baƙin zane. Na ce mata wannan kuma mene ne. Ta ce, "Amá, abu ɗaya ne na gina sau biyu. Farkonsu ɗaya, komai nasu ɗaya. Abu guda tak na sauya a na dama, na sake sakinsa daga farko. Kin ga na hagu ya mutu tun yana ƙarami, na dama kuwa har yanzu yana haifar taurari." Can, ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "Da ni na ɗauki gindin madubin nan a ranar." Na sha jin irin wannan magana daga bakinta a waya, kowace Lahadi da irin tata, amma ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba sai a lokacin. Ashe yarinyar nan ta ɗauki yinin ƙarshe na ubanta ta sa a cikin kanta, tana sauya abu guda tana sake sakinsa daga farko, yadda take yi a wurin aiki. Ni kuwa duk tsawon lokacin nan ina cewa ba ta damu ba.

Na fara daga tsakiya, ki yi haƙuri. Ban yi nisa a makaranta ba, a aji huɗu na tsaya, can ƙasarmu, a Michoacán, kafin mu ƙetaro nan. Bari in koma baya. Ba zan ma wahalar da kaina da sauya sunaye ba, a kwarin nan duk wanda ya karanta layi uku ya san mu.

Mijina Fidencio a gonakin tuffa ya ƙare rayuwarsa, da sanyi yana datse rassa, da kaka yana tsinka. Ni kuma ina tsaye a bakin bel ɗin injin da ke jan tuffa a wurin tantancewa, ina ware masu tabo. 'Yarmu ɗaya ce, Yadira. Ta yi karatu har ya kai inda ban san sunansa ba. Yanzu dakta ake ce mata, amma ba ta duba mara lafiya, abin da ubanta bai taɓa gajiya da tsokanarta a kai ba. Aikinta taurari ne, kuma ba ma waɗanda ake gani ba. Yadda na fahimta, taurari ba a warwatse suke ba, gari-gari suke zaune. Mu muna cikin babban birni, wannan farin zanen da ke ratsa sama. A kewayensa akwai wasu 'yan ƙauyuka dusu-dusu, waɗanda ko manyan madubai da ƙyar suke hango su. Su take bi. Tunda ba wanda zai zauna ya jira ya ga yadda suka girma, sai ta gina su a cikin wata ƙatuwar kwamfuta da ke wata jiha, ta zuba musu abin da ake zaton akwai a farkon duniya, ta bar su makonni suna dahuwa, sannan ta buɗe ta ga abin da ya fito. Kwatancen birni da ƙauyen nan ba nata ba ne, na Fidencio ne. Ya kan ce 'yarsa tana kiwon dabbar da ba wanda ya taɓa gani, a garken da babu shi, kuma don a cika abin dariya aka kai ta yin haka a garin da rana ma sai da sa'a ake ganinta.

Shekarun baya ta fara zuwa gida sau ɗaya a wata, daga bazara zuwa ƙarshen tsinkar tuffa, da wani madubin hangen nesa mai kama da doguwar ganga, da gindinsa na katako mai nauyin tsiya. Bayan sujadar yammacin Asabar sai Fada, limamin cocinmu, ya kashe fitilun waje, a kafa madubin a filin ajiye motoci na coci. Mutane su zo da kujerun naɗewa da barguna, mu mata mu kawo atole, kunun masararmu, mai zafi da burodi mai zaƙi. Matsalar ita ce harshe. Jikoki Sifaniyancinsu rabi ne, kakanni ba sa jin Turanci, ga kuma 'yan tsirarun Turawa masu gonaki da suka fara leƙowa. Yadira tana jin harshenmu, amma na kicin, na zo ki ci abinci da rufe ƙofar nan. Kalmomin taurari da Turanci ta koye su. A karon farko ta tsaya ta kakare a gaban mutane tana laluben kalma, sai ubanta ya miƙe, ya cire malafarsa ya ce, "Ku yi haƙuri jama'a, dakta ce, ba ta iya magana ba. Ni zan faɗa muku." Daga ranar ya zama tafinta, shi da Turancinsa na gona.

Doña Chayo, ba fassara mutumin nan yake yi ba, ƙari yake yi. Ta yi jimla biyu, shi ya yi wa'azi. Ta ce ƙananan ƙauyukan taurarin nan sun daina haifar sababbin taurari tun tuni, tsofaffi kawai suka rage. Shi sai ya ce, "Ta ce kamar ƙauyenmu ne. Samari duk sun ƙetare iyaka sun yi Arewa, an bar tsofaffi suna shan hantsi a ƙofar gida, da kare ɗaya, shi ma gurgu." Tsofaffinmu su yi ta dariya, wasu suna share ido da bargo. Ta ce, "Apá, ban ce kare ba." Ya ce, "Ba ki ce babu ba." In an juya madubin kan tauraron nan mai zobe, sai ya kira mata su zo su ga wanda ya fi mazajensu iya sa malafa. Wata rana ya gaya wa mutane cewa in aka ɗauki mota, sati guda ya isa a kai ga farin wata. Ta ƙwace maganar ta gyara da harsunan biyu, ta ce kusan rabin shekara ne, ba tsayawa. Ya ce, "In ke ce ke tuƙi, 'yar nan, ai ya ma fi." Daga baya ta ƙware, tana iya yi da harshen biyu ita kaɗai, na sha jin ta tana gwadawa a mota. Amma ba ta taɓa sallamarsa ba. Da gangan take barin masa giɓi, ta faɗi abu ta yi shiru tana kallonsa ta gefen ido.

A Oktoban bara, a taron ƙarshe na shekarar, ya ɗauko gindin madubin daga bayan mota zuwa tsakiyar fili kamar kullum. Ta miƙa hannu za ta kama masa, ya ture ta da kafaɗa ya ce hannun dakta na rubutu ne. Da ya ajiye sai ya zauna a bayan motar yana shafa ƙirji. Ya ce pozole ɗin da na dafa da rana ne, farfesun nan namu na masara, wai na cika barkono don in kashe shi in auri yaro. Na kaɗa masa sodar girki a ruwa yadda muke yi wa ƙwannafi, ya sha, ya yi gyatsa, ya ce ya warke. Ya tsaya ya yi tafintansa har aka tashi, ya ma fi kullum surutu. Washegari da safe yana ɗaure takalmi zai fita gona, don lokacin tsinka babu Lahadi, sai ya kife. Yadira ce ta yi ta danna masa ƙirji a tsakiyar falo har motar asibiti ta iso. Likita ya ce hanyoyin jinin zuciyarsa sun daɗe da toshewa. Ban ƙara dafa pozole ba tun daga ranar, amma wannan ba shi ne maganar ba.

Mun yi masa yadda ake yi. Muka shimfiɗa gicciyen farar ƙasa da furanni a falo, muka ja carbi kwana tara. A na taran compadre Chebo da matarsa Herlinda, waɗanda suka riƙe Yadira a baftisma, abin da ya sa muke kiran juna compadre da comadre, suka ɗaga gicciyen, aka tattara shi a akwati aka kai kabari. Yadira ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ko sau ɗaya. Tana raba kofi, tana kwashe kujeru. Washegari ta haɗa jaka, ta ce an ba ta lokaci a babbar kwamfutar, in ba ta yi amfani da shi ba za a ba wani. Madubin kuma ta ce in ba makaranta ko duk wanda ke so. Ban bayar ba, yana gareji. Ta zo Kirsimeti ta kwana biyu, ko ƙofar garejin ba ta kalla ba. Bazara ta zo ta wuce babu daren taurari. In an tambaye ta sai ta ce aiki.

Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba. Ina bakin bel mata suna tambayata, ina dakta, ta manta da mu ne? Herlinda, wadda bakinta ba shi da ƙofa amma zuciyarta fara ce, ta ce mini, "Comadre, karatu ya shanye wa figaggiyar nan hawaye." Na yi mata tsawa, amma a raina na yarda. Kowace Lahadi muna waya da Yadira. Ta tambayi gwiwata, ta tambayi ko na ci abinci, sai can wajen sallama ta jefo wata magana. Da mun ajiye motar kusa. Da an yi hadari a ranar an fasa. Da na ce mu biya ta asibiti. Ni sai in ce, "Yadi, kwana ne ya ƙare," in shiga ba ta labarin maƙwabta. Na ɗauka irin maganar da kowa ke yi ce.

To ga inda na tufka igiyar. A Yuli Chebo ya zo da shawara. Shi da Herlinda ne za su sake ɗaga gicciye a cikar shekara, a Oktoban nan. Ya ce, "Comadre, bayan carbi mu fito da madubin mu yi daren taurari da sunan compadre Fidencio. Abin da zai so ke nan. Kin san shi, in muka zauna muna jan hanci sai ya taso ya zage mu." Ya ce yara suna tambaya, tsofaffi ma sun fi yaran tambaya. Na ce to. Ban tambayi Yadira ba, kuma ba mantuwa na yi ba, Doña Chayo, da gangan na yi. Kin san mu. Abin da Fada ya sanar a gaban bagade ya zama alkawari, ko mara kunya ba ya tsallake shi. Haka ake jawo ɗan da ya yi nisa a can gida, a sa sunansa cikin masu hidimar bikin waliyyin ƙauye, a sanar, dole ya taho ko daga ina yake. Na ce in an sanar, kunya za ta kawo ta. Fada kuwa ya sanar, da safe da Sifaniyanci, da rana da Turanci, da sunanta har da daktanta. Mutane suka yi tafi a cikin coci. An manna takarda a shagon burodi. Wata malamar firamare ta tare ni a kanti ta ce za ta zo da 'yan ajinta.

Tamales ɗin da na faɗa miki, na kai su ne don in sanar da ita a kan cikakken ciki. Na hau bas na ƙetare duwatsu ina ta jera faɗan da zan yi mata. Sai na tarar da abin da na tarar. Ta rame, wuyanta duk ƙashi. Firjinta babu komai sai madara da wata kwalbar miya. Da ta faɗi maganar gindin madubin, na ajiye kwanon na jawo kanta jikina kamar tana ƙarama, sai ga kukan da ban gani a jana'iza ba, har gaban rigata ya jiƙe. Ta ce, "Amá, ni na kawo madubin nan gidanmu. Mutumin yana zaman lafiyarsa da itatuwansa." Ta ce wata makaranta a can birni ta gayyace ta ta yi wa iyayen yara magana da Sifaniyanci, ta zauna tana shiryawa, da ta kai inda yake katse ta sai ta tsinci kanta ta yi shiru tana jira. Ta kasa ci gaba, ta ba su haƙuri. Na kwana biyu, na cika mata firji, na dawo da maganata a cikina.

Yanzu saura 'yan makonni. In na gaya mata, ina tsoron ta ga tarko na kafa mata, in rasa ta har a wajen gicciyen, kuma ban san yadda zan tsaya a cikar shekarar ubanta babu ita ba. In na fasa, me zan ce wa Fada da duk waɗanda suka yi tafi? Me zan ce wa Chebo, wanda ya kwashe yammaci yana maƙala wa gindin madubin tayoyi da hannunsa, don kada kowa ya sake ɗauka? In kuma aka yi babu ita, ba wanda ya san yadda ake saita abin. Chebo ya gwada a tsakar gidana, ya yi ihu wai ya samo mai zoben, da muka leƙa ashe fitilar gidan mai ce.

Akwai kuma wani abu, kada ki yi dariya. Na haddace zantukan Fidencio kaf. Ina bakin bel, inji yana ƙara ba mai jina, sai in tsinci kaina ina faɗin na ƙauye da gurgun kare. Wani lokaci har ina raya cewa ita ta yi Turancin, ni in tsaya inda yake tsayawa. Ni da ban taɓa ɗaga murya a taro ba, Turancina kuma bai kai nasa ba. Sai in tambayi kaina, don ita nake son daren nan, ko don ni in ƙara jin ana dariyar maganarsa?

Yau Laraba. Ranar Lahadi mun yi waya, na tambaye ta ko tana cin abinci, ta ce tana ci. Har yanzu ban gaya mata ba.

Matar Tafinta, daga kwarin tuffa

Amsar Doña Chayo

'Yar'uwata Matar Tafinta,

Allah ya ba Don Fidencio hutawa, ya ba ku haƙurin rashinsa. Ni ma na taɓa shiga layin madubin nan. Da na sunkuya ina ta tambaya, sai ya ce mini, "Doña, ido ɗaya ake rufewa, da baki." Ba ke kaɗai ke kewarsa ba.

Na aiko miki da amsar nan kafin ta fito a jarida, da gangan. Ki kira Yadira yau, kada ki jira Lahadi. Takarda tana manne a shagon burodi, kuma kowa yana da waya a aljihu. Abin mamaki ne ma da ba ta ji ba har yanzu. In ta ji daga bakinki, kuskuren uwa ne. In ta ji daga bakin wani, shi ne tarkon da kike tsoro.

Ki faɗa mata yadda kika faɗa mini, babu ado. Na ɗauka ba ki damu ba, na sa aka sanar don in jawo ki, da na zo na gan ki na san na yi kuskure. Kada ki ɗora wa Chebo, kada ki fake da yaran firamare. Kin yi kuskure, amma ba na mugunta ba. Dabarar iyayenmu tana aiki a kan ɗan da ya manta gida. 'Yarki ba mantuwa ta yi ba, tunawa ce ta yi mata yawa, kuma ba ki da hanyar sani tunda ta iya ɓoyewa. Tana iya yin fushi, har ta kashe wayar. Ki bar ta, ki sake kira gobe. Yarinyar da ta jiƙa miki riga da hawaye ba ta da niyyar rabuwa da ke.

Abu biyu kika ɗaure da igiya ɗaya, ki kwance su. Gicciyen na ubanta ne, ki gayyace ta babu sharaɗi. Madubin nata ne, kuma ki gaya mata da bakinki cewa in ta ce a'a, amsa ce, ba mai tambayarta dalili. Don maganarki ta zama gaskiya, ki je wurin Fada da Chebo a makon nan. Fada ya sha sanar da aure a fasa, bai faɗi ya suma ba. Chebo kuwa, mutumin da ya zauna yana maƙala tayoyi ya fahimci abin da ya fi wannan wuya. Sai dai ki kula da tayoyin. Da ƙauna aka sa su, amma a idon Yadira suna iya zama shaidar cewa kowa ya yarda ɗaukar ce ta kashe shi. Ki ba ta labarinsu tun kafin ta zo, kada ta yi karo da su.

Mutanen da suka yi tafi su ma suna da haƙƙi, su ma sun yi rashi. Ba sai an soke komai ba. Fada ya sake sanarwa: bayan carbi za a kashe fitilu, a zauna da atole, kowa ya faɗi ƙaryar Don Fidencio da ta fi ba shi dariya, jikoki su juya wa waɗanda ba sa ji. A cire sunan dakta daga takarda. Kallon sama ba ya buƙatar na'ura. In Yadira ta ji tana so, gareji ba nisa. In ba ta so ba, ba wanda ya ji kunya.

Yanzu ga babban abin. Ki daina tare maganarta da kwana ya ƙare. Gaskiya ce, amma tana rufe mata ƙofa, ta koma ɗaki ita kaɗai da tambayoyinta. 'Yarki da hujja take aiki. Ku nemi ganin likitan da ya duba shi, ku je tare, ta yi duk tambayar da ke ranta. Ni ba likita ba ce, ba zan yi miki alkawarin abin da zai ce ba. Yana yiwuwa ya ce da an je asibiti a yammacin da an sami dama. Ko da haka ne, gara ta ji tana riƙe da hannunki. Ciwon zuciya ya saba shigar burtu da ƙwannafi, ya ruɗi waɗanda suka fi ku sani. Masu karatu, ku ma ku ji: ƙirjin da ya ɗaure bayan ɗaukar kaya ba na sodar girki ba ne, a kira motar asibiti. Sannan rama da firjin da babu komai bayan kusan shekara ba abin da tamales kaɗai zai warkar ba ne. Jami'o'i suna da masu sauraron waɗanda suka yi rashi. Ki ce mata ta je, ki faɗa kai tsaye yadda za ki ce ta je a duba mata haƙori.

Akwai hujjar da ke kaɗai kike da ita. A cikin kwamfutarta ita ke da iko da komai, ta sauya abu ya sauyu. A filin cocin nan kuwa akwai Fidencio. A duk zamanku, wa ya taɓa karɓar kaya daga hannunsa? Wa ya taɓa kai shi asibiti yana tafiya da ƙafarsa? Ki ba ta labaran, ɗaya bayan ɗaya, har da masu ban haushi. Da ta ce ita ta kawo madubin gidanku, ki gaya mata yadda yake a gida a ranakun da take zuwa, tun daga safe, abin da ke kika gani ita ba ta gani ba.

Kin ce pozole ba shi ne maganar ba. Shi ne maganar, 'yar'uwa. Ke kika dafa, ke kika kaɗa sodar, kuma kusan shekara ba ki taɓa tukunyar ba. Ke ma kina sake sakin yinin nan daga farko, ba ki dai da kwamfuta. Ku biyu kuna ɗauke da kaya iri ɗaya, kowa tana ɓoye wa ɗaya don ta rage mata. Ki gaya mata naki. Ina zaton za ta yi wuf ta ce, Amá, ba laifinki ba ne, yaya za ki sani? Kada ki ce komai. Ki bar ta ta ji abin da ta faɗa.

Don ita kike son daren ko don ke? Duka biyu, kuma ba laifi. Ke ma mijinki ne ya rasu. Batun tafinta ban yi dariya ba, wasiƙarki ta nuna kina da bakin kanki, ba sai kin ari nasa ba. Amma ba a Oktoban nan ba, kuma ba a kiran yau ba. Wata rana da sanyi, kuna zaune a kicin, ki ce ta koya miki yadda ƙauyukan nan nata suke mutuwa, ki mayar mata da shi da harshenmu, ki ga abin da fuskarta za ta yi. Daga nan za ku san ko akwai wata bazarar.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya haɗa ku ku biyu a falo ɗaya ranar ɗaga gicciyen. Duk sauran za su iya jira. Kiran ne ba zai jira ba, kuma ba ki yi shi ba tukuna.

Taki,
Doña Chayo